Daga Adelaide Zuwa Darwin: Hamadar Ostireliya, Dabbobinta da Sunayensu

Gabatarwa

Idan aka ambaci hamada a gaban Bahaushe, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne Sahara, da tulin rairayi, da ayarin Buzaye masu ɗauko gishiri daga Bilma. To amma akwai wata hamadar a can ɗaya gefen duniya, a tsakiyar ƙasar Ostireliya, wadda ƙasarta ja ce wur, kuma yawancin dabbobinta ba a samun irinsu a ko'ina sai can. Mutanen ƙasar suna kiran wannan yanki Outback, wato ƙungurmin dajin da ke can bayan garuruwa.

A watan Yuli na shekarar 2023 na ratsa wannan yanki a mota, tare da abokan tafiya biyu, daga birnin Adelaide a kudu har zuwa Darwin a arewa. Wannan maƙala za ta bayyana yadda hanyar take, da dabarun da dabbobin wurin suke bi su rayu inda ruwa ya yi ƙaranci, da ɓarnar da baƙin dabbobi suka yi. Daga ƙarshe za ta waiwayi abin da ya fi shafar mu ɗaliban harshe, wato sunayen waɗannan abubuwa da halin da harsunan da suka raɗa su suke ciki.

Ƙasar da Hanyar

Faɗin Ostireliya ya kai murabba'in kilomita miliyan 7.7, wato ta ninka Nijeriya fiye da sau takwas. Duk da haka mutanenta kimanin miliyan 27 ne kacal a shekarar 2024, kuma mafi yawansu a bakin teku suke zaune. Tsakiyar ƙasar kusan fayau take. Akwai wata gonar kiwon shanu mai suna Anna Creek a jihar Kudancin Ostireliya, wadda idan aka haɗa ta da ɓangarenta na The Peake ta haura murabba'in kilomita 23,000. Wannan ya fi Jihar Kano girma, ya kuma ninka Jihar Legas fiye da sau shida.

Hanyar da ta keta tsakiyar ƙasar ana kiran ta Stuart Highway. Ta faro daga garin Port Augusta, kimanin kilomita 300 arewa da Adelaide, ta ƙare a Darwin bayan kimanin kilomita 2,700. Tafiyar gaba ɗaya ke nan ta kai kilomita 3,000, kwatankwacin mutum ya tashi daga Legas ya je Kano, ya dawo Legas, ya sake komawa Kano. An sa wa hanyar sunan John McDouall Stuart, wani ɗan Sikotlan da ya ratsa ƙasar a kan doki daga kudu zuwa arewa a shekarar 1862, bayan ya sha gwadawa ƙishirwa da cuta suna mayar da shi. A kan sawunsa aka ja wayar tangaraho da aka kammala a 1872, wadda ta haɗa Ostireliya da Ingila. Kwalta kuwa ba ta gama haɗe hanyar daga farko zuwa ƙarshe ba sai a 1987.

Jan launin ƙasar daga sinadarin ƙarfe yake, wanda ya yi tsatsa a jikin yashi da duwatsu cikin dogon zamani. Kuma hamadar ba tsirara take kamar Tenere ba. Akwai wata ciyawa mai tsini da ake kira sifinifes, mai fitowa dunƙule-dunƙule, da wata gajeriyar bishiya mai suna mulga, dangin su bagaruwa. A bakin busassun koguna kuma sai ga bishiyar turare, wadda muka saba gani a gandun daji da shingayen kare kwararowar hamada a arewacin Nijeriya. Nan ne asalinta, daga nan aka kai mana ita.

Shiri da Ƙa'idojin Hanya

Lokutan shekara a can kishiyar na Turai ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ake zafi, inda ma'aunin zafi kan wuce digiri 40. Daga Yuni zuwa Agusta kuma sanyi ake, shi ya sa matafiya suka fi zaɓar wannan lokaci. Da rana garin yana da daɗi, amma da dare sanyi kan sauka har ruwa ya daskare, abin da ko tsakiyar hunturun Jos bai kai ba.

Abu na farko da matafiyi zai tanada shi ne ruwa, jarka-jarka, fiye da abin da yake jin zai sha. Na biyu mai, domin tsakanin gidan mai da gidan mai akwai nisa. Daga Glendambo zuwa Coober Pedy, alal misali, kimanin kilomita 250 ne babu inda za a sayi ko lita ɗaya. Sabis ɗin waya ma yakan ɗauke da zarar an bar gari. Ƙa'idar da ake nanata wa kowa ita ce, idan mota ta lalace kada a bar ta a shiga daji da ƙafa neman taimako. Mota tana ba da inuwa, kuma masu nema daga jirgin sama sun fi saurin hango ta a kan mutum. Da yawa daga cikin waɗanda ƙishirwa ta kashe a wannan daji sun mutu ne bayan sun baro motocinsu.

A hannun hagu ake tuƙi, kamar yadda ake yi a Nijeriya kafin 1972. Akwai kuma wasu dogayen manyan motoci masu jan tirela uku ko huɗu a jere, waɗanda tsawonsu kan kai mita 53. Kafin ka wuce irin wannan mota sai ka hango fili na fiye da kilomita ɗaya a gabanka. Sai ƙa'ida ta ƙarshe: a guji tuƙi da asuba, da magariba, da dare, domin a lokacin ne dabbobi suke fitowa kan titi. Babban abokin tafiyarmu, wani dattijo ɗan Nijeriya da ya daɗe yana koyarwa a Adelaide, da la'asar ta yi sai ya fara duba agogo. Wata rana na ce masa, “Malam, ai da sauran rana, mu ƙara ko da kilomita ɗari.” Sai ya ce, “Ɗana, titin nan namu ne da rana, da dare na masu shi ne.” Kowace safiya kuwa sai mun wuce gawarwakin dabbobin da manyan motoci suka banke cikin dare.

Saboda wannan nisa, tun a 1928 wani limamin Kirista mai suna John Flynn ya kafa ƙungiyar likitoci masu zuwa wa maras lafiya a jirgin sama. A wasu wurare mun ga an faɗaɗa titin an yi masa fararen alamu, domin jirgin likita ya sauka a kai idan an yi hatsari.

Garin da ke Ƙarƙashin Ƙasa

Kimanin kilomita 540 daga Port Augusta, bayan an wuce fararen tafkunan gishiri masu ƙyalli kamar kawalwalniya, sai a iso Coober Pedy. A 1915 aka gano wani dutse mai daraja da ake kira ofal a wurin, mahaƙa suka yi ta kwarara. Ruwan saman da ake samu a shekara bai kai milimita 200 ba, ga zafi, ga babu itacen gini. Sai mutane suka koma haƙa gidajensu a cikin tuddai. A cikin irin wannan gida zafi yana tsayawa a wajen digiri 23 zuwa 25 dare da rana, rani da hunturu. Akwai majami'u da shaguna da masaukin baƙi duk a ƙarƙashin ƙasa. Hikimar ɗaya ce da ta ɗakin soro mai kaurin bango: ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakin sa.

Kusa da garin akwai wani shingen waya mai tsawon fiye da kilomita 5,600, wanda aka fara kafawa a shekarun 1880. Aikinsa shi ne hana dingo, wato karen dajin Ostireliya, shiga yankin kiwon tumaki na kudu maso gabas. Dingo ya yi kama da karen farautar Hausa, siriri, mai launin ƙasa-ƙasa, amma ya fi yawan kuka irin na dila a kan haushi. Masana sun nuna cewa ya shigo ƙasar tare da masu jiragen ruwa daga Asiya kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Shingen ya ceci tumaki, amma ya zo da wani abin da ba a yi tsammani ba. A gefen da babu dingo, kangaru sun yi yawa har suna cinye ciyawa, kyanwoyin daji da yanyawa kuma sun samu sake suna halaka ƙananan dabbobi.

Dabarun Rayuwa a Inda Babu Ruwa

Jan kangaru shi ne sarkin wannan daji, kuma shi ne mafi girma a cikin dabbobi masu renon ɗa a jakar ciki. Namiji kan kai kilo 85, idan ya miƙe ya fi mutum matsakaici tsawo. Tsallen da yake yi hanya ce ta tattalin ƙarfi. Agarar ƙafafunsa na baya tana aiki kamar roba: idan ya dira ta miƙe ta tara ƙarfi, sai ta sake harba shi gaba. Saboda haka yana iya cin dogon zango neman ciyawa ba tare da ya galabaita ba, kuma idan an kore shi gudunsa kan kai kilomita 60 a awa. Da rana yana kwance a inuwar mulga, yana lasar damatsansa. Akwai ƙananan jijiyoyin jini birjik a wurin, idan yawun ya bushe sai jinin ya huce.

Haihuwarsa ta fi komai ban mamaki. Cikin kwana 33 kacal uwa take haihuwa, ɗan kuwa bai fi ƙwayar wake ba, ba ido, ba gashi. Da kansa yake rarrafawa ya shiga jakar cikin uwar, ya kama kan nono, ya zauna nan kimanin wata takwas. Jim kaɗan bayan haihuwa uwar kan sake ɗaukar wani cikin, amma sai tayin ya tsaya cak, ba ya girma, har sai na cikin jaka ya kusa fita. Ke nan uwa ɗaya tana iya kasancewa da 'ya'ya uku a lokaci guda: mai bin ta a ƙasa, da na cikin jaka, da mai jira a mahaifa. Nonon da take ba babban daban, na ƙaramin daban, kowa da kan nononsa. Idan fari ya tsananta sai haihuwa ta tsaya, ruwa na sauka kuma ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Sai emu, tsuntsun da ba ya tashi, wanda jimina kaɗai ta fi shi tsawo. Macen tana saka ƙwai masu launin kore mai duhu ta yi gaba abinta, namijin ne yake kwanci na kimanin mako takwas, kusan ba ci ba sha, shi ne kuma yake renon 'yan tsakin. A 1932 manoman alkama na Yammacin Ostireliya sun kai kukan ɓarnar emu, gwamnati ta tura sojoji da bindigogi masu sarrafa kansu. Tsuntsayen suka riƙa watsewa ƙungiya-ƙungiya, harsashi ya yi ta ƙarewa a banza, a ƙarshe aka janye sojojin.

A cikin masu jan ciki, wanda ya fi ɗaukar hankalina wani ɗan ƙadangare ne mai ƙaya a duk jikinsa kamar bushiya, tsawonsa bai wuce tafin hannu da yatsu ba. Tururuwa kaɗai yake ci, dubbai a rana. Tsakanin ƙayoyinsa akwai 'yan siraran kwararo da suka bi jikinsa har zuwa gefen baki. Idan raɓa ta sauka masa, ko ya tsaya a kan yashi mai laima, sai ruwan ya bi kwararon nan ya hau, kamar yadda kananzir yake hawa lagwani, har ya isa bakinsa. Akwai kuma ferenti, babban yayan su damo da guza, mai kai tsawon mita biyu da rabi. Macijin da ya fi kowane macijin tudu ƙarfin dafi, taifan na cikin ƙasa, shi ma a wannan yanki yake, sai dai mai gudun mutane ne, yana ɓuya a tsagar busasshiyar ƙasa.

Har kwaɗo akwai a hamadar. Wani irinsa yakan cika cikinsa da ruwa lokacin da aka yi ruwan sama, ya nutse cikin taɓo, ya lulluɓe kansa da saɓar fatarsa, ya yi ta barci shekara da shekaru har wani ruwan ya sauko. 'Yan asalin ƙasar sun san inda za su tono shi su matse ruwan su sha idan ƙishirwa ta kai wuya. Haka nan sun san cewa wasu 'yan tsuntsaye masu cin tsaba ba sa nisa da ruwa, don haka inda garkensu ya dosa da yamma, can rijiya take.

A kan titi kuwa, wadda muka fi gani ita ce wata babbar gaggafa mai faɗin fukafukai fiye da mita biyu. Mushen da motoci suka bari take ci. Idan ta ƙoshi ba ta iya tashi da sauri, don haka direban kirki yana rage gudu ya yi mata ham tun daga nesa.

Baƙin da Suka Fi Ƙarfin Masu Gida

Wata safiya kafin mu shiga jihar Arewa muka ci karo da garken raƙuma masu tozo ɗaya, irin na Agadas sak, babu akala babu makiyayi. Tun daga shekarun 1860 Turawa suka riƙa shigo da raƙuma tare da masu jan su daga Afganistan da yankunan da yanzu suke cikin Fakistan da Indiya. Waɗannan mutane, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, su suka yi dakon kayan aikin wayar tangaraho da na layin dogo, suka kuma gina masallatan farko a ƙasar, ciki har da na garin Marree. Jirgin ƙasan da ya isa Alice Springs a 1929, ya kuma ƙarasa Darwin a 2004, ana kiran sa Ghan ne don tunawa da su. Da motoci suka karɓe aikin dako a shekarun 1920 da 1930, sai aka saki raƙuman a daji. Suka hayayyafa, suka riƙa ƙafar da ramukan ruwa da fasa famfuna a ƙauyuka. Tsakanin 2009 da 2013 an harbe kimanin 160,000 daga jirage masu saukar ungulu, aka ƙiyasta saura wajen 300,000. Dabbar da take dukiya a kasuwar Mai'aduwa, a can annoba ce.

Labarin zomo ya fi wannan muni. A 1859 wani manomi mai suna Thomas Austin ya saki zomaye 24 a gonarsa a jihar Victoria don ya riƙa farauta. Cikin shekara hamsin suka mamaye mafi yawan ƙasar, suna cinye tsiro tun yana ƙarami. Sai da aka sakar musu ƙwayar cuta a 1950, da wata a tsakiyar shekarun 1990, sannan suka ragu. Kyanwoyin gida da suka koma daji, da yanyawar Turai da aka kawo don farauta, su kuma suka far wa ƙananan dabbobi masu jaka waɗanda ba su san irin waɗannan maƙiya ba. Daga 1788, lokacin da Turawan Ingila suka fara zama, zuwa yau, fiye da iri 30 na dabbobi masu shayarwa sun ƙare ƙaf a Ostireliya.

Har ciyawa ta shiga sahu. An shuka wata ciyawa mai suna bafel, 'yar'uwar ƙarangiya, wadda asalinta daga Afirka da Asiya ne, don kiwon shanu da danne ƙura. Yanzu ta cika kewayen Alice Springs, kuma idan ta bushe wutarta tana da zafin da ke kashe manyan bishiyoyi. Kafin zuwan Turawa, 'yan asalin ƙasar suna ƙona daji ne kaɗan-kaɗan a lokacin sanyi, ta yadda babbar gobara ba ta samun abin ci. Hukumomin gandun daji sun dawo suna koyon wannan dabara daga gare su.

Uluru, Alice Springs da Arewa

A Erldunda muka saki babbar hanya muka yi yamma kimanin kilomita 250 zuwa Uluru. Dutse ne guda ɗaya da ya taso daga shimfiɗaɗɗen fili, tsawonsa mita 348, kewayensa ya haura kilomita tara. Wanda ya san Dutsen Zuma zai iya kwatanta shi, sai dai Uluru ja ne, kuma launinsa yana sauyawa da faɗuwar rana. A 1873 wani Bature mai suna William Gosse ya sa masa suna Ayers Rock, don girmama wani babban jami'in mulki. A ranar 26 ga Oktoba, 1985 gwamnati ta mayar wa masu shi, al'ummar Anangu, mallakar wurin. Sun daɗe suna roƙon baƙi su daina hawan dutsen domin wuri ne mai alfarma a wurinsu, kuma an rufe hawan gaba ɗaya a ranar 26 ga Oktoba, 2019. Akwai sassan da aka hana ɗaukar hoto, saboda labarinsu na maza ne kaɗai ko na mata kaɗai.

Alice Springs, wanda al'ummar Arrernte suke kira Mparntwe, shi ne babban garin tsakiya, kimanin kilomita 1,500 daga Darwin. Daga nan zuwa arewa ƙasa takan fara sauyawa sannu a hankali, kamar mai barin Sahel ya doshi kurmi. Mun wuce mulmulallun duwatsun Karlu Karlu, da garin Tennant Creek, sannan bishiyoyi suka fara tsawo, surin gara ya cika daji. Kusa da Darwin akwai wata gara mai gina suri falle kamar allo, kaifinsa yana duban kudu da arewa. Da safe da yamma rana tana dukan faffaɗan gefen ta ɗumama shi, da tsakar rana kuma kaifin kawai take samu.

A nan haɗarin ya tashi daga ƙishirwa ya koma ruwa. Kadan bakin teku, wanda ya fi kowane kada girma a duniya, ya kusa ƙarewa saboda farauta, sai aka hana kashe shi a jihar Arewa a 1971. Yanzu an ƙiyasta sun kai 100,000, kuma duk kogin da aka kafa wa allon gargaɗi ba a ko wanke ƙafa a cikinsa.

Abin da Ɗalibin Harshe Zai Tsinta

Kalmar kangaru ta fito ne daga gangurru ta harshen Guugu Yimithirr na arewa maso gabashin ƙasar, kuma ayarin Kyaftin James Cook ne ya rubuta ta a 1770. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa wai ma'anarta “ban gane ba”, amma binciken masana harshe ya tabbatar da cewa sunan wani irin kangaru ne. Dingo da kowala kuma daga harshen Dharug na yankin Sidni suke. A Hausa na sha jin ana kiran kangaru babba-da-jaka. Sunan ya dace da siffa, sai dai yana da mai shi, wato tsuntsun nan mai jaka a wuya da ake kira borin-tinke. A ganina aron kangaru ya fi, domin ya bi tsarin gaɓar Hausa, kuma ba ya kawo ruɗani.

Harshen Pitjantjatjara na yankin Uluru yana aro kamar yadda Hausa take yi. Kalmominsa da wasali suke ƙarewa, don haka raƙumi ya zama kamula, zomo rapita, mota kuma mutuka, duk daga Ingilishi. A kwatanta da yadda muka samu tebur da bokiti da makaniki. Dabbobin gida kuwa suna da sunayensu na asali: malu jan kangaru, kalaya emu, ngintaka ferenti. Ke nan daga suna kaɗai za a iya gane ɗan gida da baƙo. Har ila yau suna da “r” iri biyu kamar Hausa, amma su suna bambanta su a rubuce ta hanyar ja wa ɗaya layi a ƙasa, abin da daidaitacciyar Hausa ba ta yi ba. Sunan harshen kansa daga aikatau yake: masu cewa pitjantja don “zuwa” su ne Pitjantjatjara, maƙwabtansu masu cewa yankunytja su ne Yankunytjatjara. Mu da gari muke raɗa wa karin harshe suna, kamar Kananci da Sakkwatanci, su kuma da kalma.

Akwai al'adun magana da za su tuna wa Bahaushe gida. A wurin Warlpiri, idan mutum ya rasu akan daina ambaton sunansa na wani lokaci, duk mai irin sunan sai a riƙa kiran sa Kumanjayi. Wannan ya yi kama da alkunyar da ke hana uwa faɗar sunan ɗan fari, ko mace sunan mijinta. Matan Warlpiri da Warumungu masu takaba kan daina magana da baki na tsawon watanni, saboda haka suna da cikakken harshen hannu da suke hira da shi. Masu Guugu Yimithirr kuma da gabas da yamma da kudu da arewa suke kwatance ko a cikin ɗaki, ba da dama da hagu ba. Dattijon Bahaushe mai cewa “matsa gabas kaɗan” ba zai ga baƙon abu a nan ba.

To amma waɗannan harsuna suna cikin hatsari. A 1788 akwai harsuna fiye da 250 a ƙasar. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna kimanin 120 ne suka rage a bakin mutane, kuma 13 kacal ne yara suke tashi da su sosai. Dalilan sun haɗa da kisa da cututtuka da ƙwace ƙasa, da kuma manufar raba yara da iyayensu a kai su gidajen reno inda ake hana su harshensu, wadda Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a kanta a 2008. A jihar Arewa an fara koyarwa da harsuna biyu a 1973, amma a 2008 aka umarci makarantu su yi awa huɗu na farkon kowace rana da Ingilishi zalla, matakin da ya raunana shirin ƙwarai.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bi hanyar Stuart daga kudu zuwa arewa, ta nuna yadda kangaru da emu da ƙadangare da kwaɗo suke rayuwa da ɗan ruwan da suka samu, da yadda raƙumi da zomo da kyanwa da ciyawar bafel suka dagula lissafin. Ta kuma nuna cewa sanin inda ruwa yake, da lokacin ƙona daji, da halin kowace dabba, a cikin harsunan masu ƙasar yake ajiye, kuma idan harshe ya tafi da wannan sani yake tafiya.

Nijeriya tana da harsuna kimanin 500. Hausa ba ta cikin masu fuskantar ƙarewa, hasali ma a jihohi irin su Bauchi da Filato ita ce babban harshen da ƙananan harsuna suke narkewa a cikinsa. Ita kanta Hausar tana asarar kalmomin daji: ɗalibai nawa ne a ajinmu za su bambanta damo da guza da tsari, ko gada da barewa da mariri? Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, duk wanda ya je hutu gida ya zauna da mafarauci ko makiyayi ko wata tsohuwa, ya rubuta sunayen dabbobi da tsirrai da tsuntsaye, da Hausa da kuma harshen garinsu, tare da abin da aka sani game da kowanne. Littafin rubutu ɗaya da biro sun isa a fara.